MAWAƘI YA SAUYA SHEƘA: WA YA CI AMANAR WA?

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun matasanmu, tun daga teburan masu shayi na Bebeji da Kiru har zuwa tashar motar Tudun Wada da rumfunan kasuwar Doguwa. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa wani shahararren mawaƙi yana shirin sakin sabbin waƙoƙi, tun kafin a ji ko da baiti ɗaya, sai ka ga jama'a sun rabu gida biyu. Ba zancen daɗin murya ake yi ba, ba kuma zancen amsa-amo ko azanci ba. Tambayar ɗaya ce tak: wannan karon wa zai yi wa? Gida na farko su ce maci amana ne, jiya ya yabi wane, yau ya koma yana yi masa zambo. Gida na biyu su ce ku ƙyale bawan Allah ya nemi abincinsa, ai waƙa sana'a ce kamar dukanci da ƙira. Mu a wannan fili muna ganin duka gidajen biyu sun kauce hanya, kuma kaucewar tasu ta shafe mu kai tsaye, domin kuwa mawaƙi da marubuci ɗanjuma ne da ɗanjummai, dukansu da kalma suke cin abinci.

Bari mu kira abu da sunansa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da aka fi yin wannan gardama a kansa a ƙasar Hausa shi ne Dauda Kahutu Rarara, ɗan asalin Kahutu ta ƙaramar hukumar Ɗanja a Jihar Katsina, wanda ya yi sunansa a Kano. Ya yi wa Malam Ibrahim Shekarau waƙa. A zaɓen 2015 waƙarsa ta Masu Gudu Su Gudu ta zama tamkar taken tafiyar Muhammadu Buhari, babu motar haya ko shagon cajin waya da ba a ji ta ba. Ya yi wa Abdullahi Umar Ganduje waƙa, sannan da zaɓen 2023 ya ƙarato ya bar ɗan takarar gwamna na APC a Kano ya bi Sha'aban Sharaɗa na jam'iyyar ADP, a sama kuma ya riƙe Bola Tinubu. A watan Oktoba na 2023 ya tara 'yan jarida ya ce ya yi nadamar goyon bayan Buhari, ya kuma ce Buharin ya bar ƙasa a lalace. Mai karatu ya lura da kwanan watan: wata 5 ke nan bayan Buhari ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu.

Kada wani ya ɗauka wannan cuta ce ta Bahaushe shi kaɗai. A Amurka akwai tsohon mawaƙin gambarar zamani Snoop Dogg, wanda yake fitar da faifai tun 1993. A 2017 ya yi wani hoton waƙa inda ya auna bindigar wasa a kan wani da aka yi wa shigar Donald Trump, abin da ya sa magoya bayansa suka ɗauke shi gwarzon adawa. A watan Janairu na 2025 sai ga shi yana kaɗa waƙa a wata liyafa da masu harkar kuɗin intanet suka shirya a Washington don murnar rantsar da Trump ɗin. Masoyansa suka yi ca a kansa, da yawa suka daina bibiyarsa, kuma da sabon kundin waƙoƙinsa ya fito a watan Mayu na shekarar, surutun siyasarsa ya kusa danne zancen waƙoƙin. Amsar da ya bayar ita ce aikin ɗan lokaci ya yi, ya samu kuɗi, kuma shi ba ya wakiltar wata jam'iyya. Wato dai abin da gida na biyu suke faɗa a tashar Tudun Wada shi ne ake faɗa a can, harshe ne kawai ya bambanta.

GA MASU CEWA SANA'A CE

To, mu fara da ku, masu cewa waƙa sana'a ce ba ruwanta da aƙida. Hujjarku mafi ƙarfi ita ce roƙo al'adarmu ce tun kaka da kakanni, kuma ba a taɓa tambayar maroƙi ko ya yarda da abin da yake faɗa ba. Mun ji. Amma ku koma ku dubi waɗancan makaɗa da kuke fakewa da su. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, da wannan fada aka san shi. Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi ya yi zamaninsa. Makaɗin fada yana da ubangida sananne, yana cin tuwonsa, yana hawa dokinsa, yana sa rigarsa, kuma abin kunya ne a gan shi gobe a wata ƙofa yana zagin wanda ya ɗaura masa sirdi jiya. Ashe ke nan ko a cikin roƙon ma akwai amana, kuma wanda zai kafa hujja da al'ada sai ya ɗauke ta da ƙashinta da tsokarta.

Bugu da ƙari, akwai wani bambanci da ya fi wannan girma, wanda masu wannan magana suke tsallakewa da gangan. Waƙar fada yabon wanda ya riga ya hau karaga ce. Talakan da ya saurari Narambaɗa ba a neman komai a hannunsa, in ya ji daɗi ya gyaɗa kai, in bai ji ba ya wuce gonarsa, sarki yana nan sarkinsa. Waƙar zaɓe kuwa da talaka take magana, kuma abu take nema a wurinsa. Tana ce wa manomin masara na Doguwa da mai sayar da ƙosai ta Kiru: na san mutumin nan, amintacce ne, ku ba shi ƙuri'arku, ku ɗora shi a kan dukiyarku da makarantun 'ya'yanku har shekara 4. Wannan a Hausa sunansa shaida. Kuma duk wanda ya taɓa zama a zauren alkali ya san matsayin mai shaidar da aka biya, ya kuma san abin da ake ce wa wanda ya shaidi mutum da alheri yau, gobe ya dawo ya ce dama can ɓarna yake yi.

Maƙeri in ya ƙera maka fartanya ta karye a kunyar farko, kana da ikon komawa maƙera ka yi masa magana. Baduku in ya ɗinka maka takalmi ya ɓalle kafin ka isa gida, ba zai ce maka ai sana'a ce ba. Kowace sana'a tana da alhakin abin da ta sayar. Me ya sa sai mai sayar da kalma ne kaɗai za a yafe wa? Wanda ya ce waƙa sana'a ce bai wanke mawaƙi ba, ƙara ɗaure shi ya yi, domin kayan da ya sayar wa jama'a su ne alkawuran da ya rera, kuma jama'a sun biya da ƙuri'a, sun biya da shekarun rayuwarsu.

Ku tuna abin da ya faru a watan Satumba na 2020, lokacin da aka ƙara kuɗin mai da na wutar lantarki, mutane suna kuka. Rarara ya ce ba zai sake yi wa Buhari waƙa ba sai masoyan Buharin sun tura masa naira 1,000 kowannensu, don a nuna cewa har yanzu talaka yana tare da shugaban. Jaridu suka ruwaito cewa miliyoyin naira sun taru cikin 'yan kwanaki. A cikin masu turawar akwai ɗan acaɓa, akwai tela, akwai wanda dubun nan ita ce cefanen gidansa na yini. Bayan shekara 3 aka ce musu mutumin da suka biya a yaba ya lalata ƙasa. Shin yaushe mawaƙin ya gano haka? In tun 2020 ya sani, me ya sa ya karɓi kuɗin? In kuma daga baya ya gano, wace rana ce, kuma wane abu ne ya buɗe masa ido? Waɗannan tambayoyi ba cin mutunci ba ne. Haƙƙin mai dubu ɗaya ne a amsa masa su.

GA MASU IHUN CIN AMANA

Sai ku, 'yan gida na farko, kada ku yi saurin tafi, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuna cewa sauya sheƙa ne yake ƙona muku rai. Anya kuwa? Bari mu ƙirga. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Malam Ibrahim Shekarau ya tashi daga ANPP ya shiga APC a 2013, ya koma PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, ya shiga NNPP a 2022, kafin shekarar ta ƙare ya sake komawa PDP. Shi kansa Buhari ya yi takara a ANPP a 2003 da 2007, a CPC a 2011, a APC a 2015. A nan ƙofar gidanmu, Abdulmumin Jibrin Kofa ya fara wakiltar Kiru da Bebeji a 2011 a tutar PDP, ya koma APC, ya tafi NNPP a 2022 ya ci zaɓen 2023, sannan a 2025 ya sake komawa APC. Sanata Kawu Sumaila ya ci kujerar Kano ta Kudu a NNPP a 2023, shi ma a 2025 ya koma APC.

A duk waɗannan tafiye-tafiye an cika filaye, an buga ganguna, an sauya huluna, an ce mai gida ya yi dabara. Waɗanda suka raka iyayen gidansu jam'iyya uku cikin shekara 10 ba tare da sun tambayi dalili ba, su ne yau suke tuhumar mai waƙa da rashin tsayawa wuri ɗaya. Laifi tudu ne. Gaskiyar maganar ita ce yawancin masu ihun nan ba sauyawar ce ta dame su ba, inda aka sauya aka nufa ne. Mawaƙin da ya baro abokan hamayya ya dawo wajenku, cewa kuke yi ya ga gaskiya. Wanda ya bar ku ya tafi can, shi ne mayunwaci. Da ma'auni biyu kuke awo, na saye daban na sayarwa daban, kuma duk kasuwar da ake haka ba ta albarka.

Sannan mu tambaye ku: wa yake ciyar da mawaƙin? A zamanin kaset, ko ba komai, ana sayen waƙa a kanti, wani abu yana komawa hannun mai ita. Yau kuwa a kowace kasuwa, daga Kwanar Ɗangora har cikin Birni, akwai mai kwamfuta da zai cika maka waya da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, kuma ko sisi ba ya isa ga wanda ya yi waƙar. Shi kuwa ya biya ɗakin ɗaukar murya, ya biya mai kiɗa, ya biya 'yan amshi, ga iyali. Wa ya rage mai biya da tsoka? Ɗan siyasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jama'ar da take son mawaƙi ya zama bakinta, amma ba ta yarda ta sayi waƙarsa ba, ita ce ta kai shi ƙofar da take zarginsa da tsayawa. Abin takaici kuma, ranar da masu sauraro suka zuba kuɗi da gaske, wato a 2020 ɗin nan, ba su biya don a faɗa musu halin da suke ciki ba. Sun biya ne don a ƙara wasa musu gwaninsu.

Mafi muni shi ne inda fushin yake ƙarewa. A watan Maris na 2023, da aka bayyana sakamakon zaɓen gwamnan Kano, wasu matasa suka cinna wa gidan Rarara wuta. Muna faɗa da babbar murya, ba tare da wani amma ba: wannan ta'asa ce. Mun soki mutumin a sama, za mu kuma sake sukarsa gobe in ta kama, amma baiti da baiti ake rama shi. Wanda ya mayar da martanin waƙa da ashana ya shaida wa duniya cewa ba shi da amsa. Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a ba mu labarin inda wutar siyasa take kaiwa, domin a zaɓen watan Fabrairu na shekarar an ƙona ofishin jam'iyyar NNPP a Tudun Wada, an kuma rasa rayuka. Waɗanda suka mutu ba su dawo ba, manyan da aka yi faɗan dominsu kuwa da yawansu sun sake haɗuwa a inuwa ɗaya.

Haka nan muke ƙin ɗaya makamin, wato hannun hukuma. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma tarihinta da mawaƙa ya isa darasi. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango. A 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11 a Kano, ciki har da Girgiza Kai ta mawaƙin gambara Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, wanda daga baya ya koma Amurka da zama. A shekarar ce kuma aka kama Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, wanda marubucin littattafai ne tun kafin ya shahara a waƙa. Wannan duk a zamanin Shekarau ne. A 2019, zamanin Ganduje, aka kama Naziru M. Ahmad, Sarkin Waƙar Sarkin Kano na lokacin, bisa zargin sakin waƙa ba da izini ba. Gwamnati ta sauya, jam'iyya ta sauya, sandar ba ta sauya ba. Marubutan da suka ga an ƙona littattafan hikaya a Kano a 2007, suka kuma ga an nemi kowane marubuci ya yi rajista da hukumar a 2008, sun san cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Duk mai murna don an kama mawaƙin abokan hamayya, ya jira zuwan tasa gwamnatin adawar.

TO, INA MA'AUNIN?

Kada a fahimce mu da cewa mutum ya kafe a wuri ɗaya har kabari. Dutse ne kaɗai ba ya sauya ra'ayi. Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda aka fara Jam'iyyar Mutanen Arewa da su, ya bar ta ya jagoranci NEPU wadda aka kafa a 1950. Malam Sa'adu Zungur ya riƙe sakatancin NCNC a Ikko kafin ya dawo Arewa. Alhaji Mamman Shata ya yi GNPP sannan ya koma NPN a Jamhuriya ta Biyu. Sauyi ba shi ne abin zargi ba. Abin dubawa shi ne yadda aka yi shi, kuma muna ganin tambayoyi huɗu sun isa su raba tsaki da tsakuwa.

Ta farko: ina ya baro, ina ya nufa? Wanda ya bar mai mulki ya koma wajen wanda ba shi da ko kujerar kansila, akwai alamar wani abu ne ya tsaya masa a rai. Wanda kullum sauyinsa yake faɗawa daidai ƙofar da aka buɗe sabon buhu, to, inda baki ya karkata nan yawu kan zuba. Ta biyu: yaushe ya yi magana? Sukar mai mulki tana da daraja ne lokacin da yake kan kujera, yana iya jin zafinta, yana kuma iya gyarawa. Dubi Eedris Abdulkareem, mawaƙin gambara da ya tashi a Kano. Ba waliyyi ba ne, shi ma ya bi 'yan takara. Amma a 2004 waƙarsa ta Jaga Jaga ta fusata Obasanjo yana kan mulki, a watan Afrilu na 2025 kuma hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta hana sa waƙarsa ta Tell Your Papa, Tinubu yana kan mulki. Shekara 21 tsakani, kuma duka biyun mai kujera ya taɓa. Dukan mushen zaki kuwa ko yaro ya iya.

Ta uku: me sauyin ya ci masa? A 1983 Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan ƙasar Sumaila, ya bar PRP ya koma NPP, sai ya ajiye kujerar gwamnan Kano, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Ya tsaya zaɓe ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo. Ko kana son Rimi ko ba ka sonsa, ka san sauyin nan ya biya shi da tsada. Mawaƙan NEPU irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi waƙa a zamanin da kasancewa ɗan NEPU yake jawo wa mutum dukan 'yan doka da zaman gidan yari, babu mota babu kujerar Makka a ƙarshen baiti. Shi ya sa har yau ake nazarin waƙoƙinsu a jami'o'i. Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi: ya dawo ya yi wa waɗanda suka bi shi bayani? Ba taron 'yan jarida na zage tsohon ubangida muke nufi ba. Muna nufin ya fuskanci talakan da ya ja, ya ce ga abin da na gaya muku, ga abin da na gani daga baya, ga dalilin da ya sa ya kamata ku sake saurarena. Wanda ya tsallake wannan mataki ya wuce kai tsaye zuwa sabon gwani da sabon amshi, ya ɗauki masu sauraronsa tamkar garken da ake kaɗawa duk inda aka ga dama.

Da wannan ma'auni za a auna kowa, na jar hula da na tsintsiya da na lema, mawaƙin fiyano da na gambara, na Kano da na Amurka. Wanda ya ci jarrabawar, a ba shi haƙƙinsa ko da ya bar gidanmu. Wanda ya faɗi, a faɗa masa ko da gidanmu ya dawo.

GA 'YAN'UWA MASU TASOWA

Dalilin da ya sa muka kawo wannan magana cikin mujallar marubuta shi ne, mun san abin da yake ran da yawa daga cikin matasan da suke turo mana rubutattun waƙoƙinsu. Suna ganin wanda ya rubuta littafi yana yawo da shi a jaka yana neman mai saye, suna kuma ganin wanda ya yi waƙar zaɓe ɗaya ya sauya mota. Mu da muke tsayuwa gaban allo muna ganin yaran da suka haddace waƙoƙin zaɓe baiti-baiti, har da zambon da ke ciki, alhali ba su iya kawo sunan waƙa ɗaya ta Sa'adu Zungur ko Aƙilu Aliyu ba. Yaron da ya tashi a haka, abin da ya koya shi ne fasaha kaya ce ta haya, kuma mafi iya zagi shi ne mafi hikima. Wannan asara ta fi ta kowane zaɓe, domin zaɓe yana dawowa bayan shekara 4, harshen da ya lalace kuwa sai an yi zuriya ana gyara.

Ba mu ce kada ku yi waƙar siyasa ba. Adabin Hausa na ƙarni na 20 ba zai cika ba in an cire ta. Ba mu kuma ce ku yi aikin banza ba, mai aiki ya cancanci ladansa. Abin da muke cewa shi ne, kafin ka sa hannu ka karɓa, ka tambayi kanka ko za ka iya tsayawa a kasuwar garinku bayan shekara 4 ka maimaita baitin nan ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Magana zarar bunu ce. A da iska takan tafi da waƙar maroƙi, yau kuwa tana nan a YouTube da wayar kowa, ranar da ka juya za a kunna maka muryarka ta jiya. Ka yabi aikin da ka gani da idonka, rijiya ce ko aji ko gada, ka ambace shi da sunansa da garinsa. Kada ka rantse a kan zuciyar mutumin da ba ka shiga ba. Ka kuma bar iyayen abokin hamayya da halittar jikinsa, domin zambo irin wannan shi ne yake zama fetur a hannun ɗan bangar da bai san ma'anar baiti ba.

Sannan ku ɗaga kai ku dubi abin da ke gabanku. Ga madatsar ruwan Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo, ga tambayar ko ƙauyukan da ke bakinta sun ci moriyarta yadda ya kamata. Ga dajin Falgore da abin da matafiya da makiyaya suka gani a cikinsa. Ga Riruwai da ma'adinan da ke ƙarƙashin duwatsunta, ga halin da mutanen da ke zaune a kansu suke ciki. Ga manomin da ya sayi taki da tsada bayan cire tallafin mai a 2023, ya zo kaka yana lissafin ko ya fitar da uwar kuɗinsa. Ga Bebeji da ta haifi Alhassan Ɗantata, ga 'ya'yanta suna tafiya ci-rani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin waƙoƙi, kuma babu ɗayansu da zai sauya jam'iyya ya bar ka da kunya.

Ita kuma ƙungiya, aikinta a bayyane yake. Ta buɗe fili a wannan mujalla inda za a riƙa ɗaukar waƙoƙin siyasa ana feɗe su kamar yadda ake feɗe littafi, a duba gaskiyar abin da suka faɗa da ingancin Hausarsu, ba tare da duba hular mai su ba. Ta tsaya wa duk mawaƙi ko marubucin da aka kama ko aka kai wa hari saboda kalmarsa, ko da mun fi kowa ƙin abin da ya faɗa. Ta kuma nemi hanyar da mai sauraro da mai karatu za su riƙa biyan mai fasaha kai tsaye, ko da kaɗan-kaɗan ne, domin mawaƙin da mutum dubu suke ciyarwa ya fi ƙarfin a saye shi a kan wanda mutum ɗaya yake ciyarwa. Shafukanmu a buɗe suke ga duk wanda yake ganin mun zalunci gwaninsa. Ya ɗauko alƙalami ya kawo hujja, za a buga.

Allah Ya sa alƙalumanmu su zama shaida gare mu, kada su zama shaida a kanmu. Amin.